Muhalli da Albarkatun Ƙasa: Tambayoyin da Ake Yawan Yi Mini a Bakin Shuɗin Nilu

Ni malamin kimiyya ne a wata makarantar sakandare a yankin Sinnar na ƙasar Sudan, kusa da Mai Wurno, garin da kakanninmu suka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. A aji da Larabci nake koyar da darasin muhalli, amma tambayoyin da suka fi nauyi da Hausa ake yi mini su: a ƙofar masallaci bayan la'asar, a wurin mai shayi, a kan hanyar gona. Wasu na ɗalibai ne, wasu na dattawa, wasu na iyayenmu mata. Na tattara waɗanda suka fi maimaituwa, na bar kowace da lafazin mai ita.

Malam, wai mene ne muhalli? Ba shara da kwata ake nufi ba?

Shara da kwata suna ciki, amma ɗan yanki ne. Muhalli shi ne duk abin da ya kewaye mai rai kuma rayuwarsa ta rataya a kai: iska, ruwa, ƙasa, hasken rana, zafi da sanyi, da sauran masu rai tun daga giwa har ƙwayar halittar da ido ba ya gani. Iskar da kake shaƙa yanzu, kashi 78 cikin 100 naitrojin ce, kashi 21 oksijin. Iskar kabon da ake ta surutu a kanta a rediyo ba ta kai ko rabin kashi ɗaya cikin dubu ba, amma ita ke riƙe ɗumin duniya, ita ce kuma abincin tsirrai.

Kimiyyar muhalli tana aro daga ilimin halittu, da na sinadarai, da na ƙasa da duwatsu, har da tattalin arziki. Tambayarta a kullum guda ce: in an ɗebi wani abu a nan, ko an zubar da wani abu a nan, me zai faru a can, ga wa, kuma bayan wane lokaci?

A littafinmu an ce akwai "tsarin zaman halittu". Na haddace, amma ban gane ba.

Ajiye littafin, ɗana, ka je gindin gawo, wanda Larabawan nan ke kira haraz. Ka je a watan Maris, lokacin da ƙasa ta tsattsage, ciyawa ta ƙone. Za ka tarar gawo ya yi kore shar, don saiwarsa ta nutsa can ƙasa inda damshi yake. Awaki da shanu sun taru a inuwarsa suna tsintar 'ya'yansa da suka zubo, suna kashi a wurin. Buzuzu yana mirgina kashin yana binnewa. Gara da ƙananan halittu suna ruɓar da ganyen da ya faɗi. A jikin saiwar akwai wasu ƙwayoyin halitta da ke kamo naitrojin daga iska su mai da shi taki. Da damina ta sauka, sauran itatuwa suna tofo, shi kuwa gawo sai ya kakkaɓe ganyensa, rana ta samu hanyar isa ga dawar da aka shuka a ƙarƙashinsa. Kowane tsohon manomi ya san dawar gindin gawo ta fi ta fili kauri da zangarniya.

To, gawon, da dabbobin, da buzuzun, da ƙasar, da ruwan, da ranar, da manomin, da abin da ke wucewa tsakaninsu, shi ake kira tsarin zaman halittu. Wani masani ɗan Ingila mai suna Arthur Tansley ne ya yaɗa wannan suna a 1935, shekarar da aka keɓe dajin Dindir da ke gabas da mu. In ka sare gawon, inuwa kawai za ka ga ta tafi a ranar. Sauran asarar sai bayan damina biyu ko uku za ta nuna kanta a rumbu.

Sarƙar abinci fa?

Wa ke cin wa. A kogi, gansakuka tana haɗa abincinta da hasken rana, karfasa ta ci gansakuka, giwan ruwa ya ci karfasa, masunci ya ci giwan ruwa. A kowane mataki, kusan kashi ɗaya cikin goma ne kawai na ƙarfin abincin ke wucewa gaba, sauran ya tafi a motsi da numfashi da zafin jiki. A ƙiyasce, sai an ci kilo 100 na gansakuka a samu kilo 10 na karfasa, a samu kilo 1 na giwan ruwa. Shi ya sa manyan kifaye ba su da yawa, kuma in aka kwashe su ba sa saurin dawowa.

Akwai abu ɗaya da ke bin sarƙar nan yana ƙaruwa maimakon raguwa: guba irin wadda jiki ba ya iya fitarwa. Kaɗan ce a gansakuka, ta taru a karfasa, ta ninka a giwan ruwa. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa a maganar zinariya.

Ana cewa albarkatu iri biyu ne, masu sabuntuwa da marasa sabuntuwa. Ke nan masu sabuntuwa ba sa ƙarewa?

Suna ƙarewa, kuma wannan ce tambayar da na fi so a fahimta a duk shafin nan.

Kowane ɗan kasuwa ya san bambancin uwar kuɗi da riba. Daji, da kifin kogi, da ciyawar kiwo, da ƙasar noma uwar kuɗi ce da ke haihuwa. Abin da ta haifa a shekara shi ne ribarka. In ka tsaya a riba, jikanka ma zai ci. In ka zarce ka taɓa uwa, baɗi ribar za ta ragu, ka ƙara taɓa uwa don cike giɓi, har ka wayi gari ba uwa ba riba. Abin lura shi ne kowane arziki da saurin dawowarsa. Ciyawa damina guda ta ishe ta. Dakwara, itacen da ake samun ƙaro mai kyau a jikinsa, sai ta shekara huɗu ko biyar kafin a fara tsaga ta. Kuka da aduwa sai gomman shekaru. Ƙasar noma mai kaurin ɗan yatsa tana ɗaukar ɗaruruwan shekaru kafin ta haɗu, amma guguwar habub guda ko ruwan dare ɗaya na iya kwashe ta daga gonar da aka bari tsirara. Fetur da zinariya kuwa miliyoyin shekaru ne, don haka a lissafin ɗan Adam ba su da riba ko kaɗan, duk abin da aka haƙo daga uwa aka ɗebo.

Mutanen Kurdufan sun daɗe da sanin wannan lissafi. Su noma fili 'yan shekaru da gero da ridi, in ya fara gajiya su bar dakwara ta tashi a ciki, su shekara goma ko fiye suna tsagar ƙaro suna sayarwa, ƙasar tana hutawa tana samun taki, sannan su sare su koma noma. Da irin wannan juyi Sudan ta zama kan gaba a duniya wajen fitar da ƙaro. Inda aka gajarta hutun saboda ƙarancin fili ko matsin talauci, ƙaron ya ragu, geron ma ya ragu.

Game da fetur, ƙasar nan ta fara fitar da shi waje a 1999. Da Sudan ta Kudu ta ɓalle a 2011, kusan kashi uku cikin huɗu na man ya tafi da ita. A shekarun da kuɗin ke shigowa, ya kamata a ce an zuba kaso mai tsoka a gyaran magudanan gandun ban-ruwa na Jazira da dashen itatuwa, wato a mai da arzikin da ba ya haihuwa ya zama mai haihuwa. Abin da aka yi ta wannan fuska bai kai yadda ya dace ba, kuma har yau yana yi mini ciwo.

Ga kogi a ƙofar gidanmu. Ina maganar ƙarancin ruwa ta fito?

Kashi 97 cikin 100 na ruwan duniya na gishiri ne, mafi yawan ragowar kuma ƙanƙara ce a ƙuryoyin duniya da kan duwatsu. Abin da ke gudana a koguna ɗan tsiyaye ne a cikin wannan.

Shi kansa Nilu a ƙidaye yake. Yarjejeniyar 1959 tsakanin Sudan da Masar ta ɗauka cewa ruwan da ke isa Aswan a shekara kubik mita biliyan 84 ne. Aka ware biliyan 10 na abin da rana za ta shanye, Masar ta ɗauki biliyan 55.5, Sudan biliyan 18.5. Habasha, wadda kusan kashi 85 cikin 100 na ruwan daga tsaunukanta yake gangarowa, ba ta cikin yarjejeniyar. Shuɗin Nilu kuma, Bahar Azraƙ ɗinmu da ke fitowa daga tafkin Tana, a ɗabi'arsa mafi yawan ruwansa tsakanin Yuli da Oktoba yake zuwa, sauran watanni ya janye. Don a riƙe na damina a yi amfani da shi da rani aka gina madatsar Sinnar a 1925, da ta Rusairis a 1966. Daga Sinnar ruwa ke gangarawa da kansa, ba inji, ya shayar da gandun Jazira da Manaƙil mai faɗin fadan (ma'aunin gona na nan) sama da miliyan 2.

Amma ka tambayi wanda hawasharsa, wato gonarsa ta gandun, ke ƙarshen tur'a, magudanar ban-ruwa. Laka ta cike magudana, ciyawa ta toshe abu ishirin, ƙaramar magudanar da ke kai ruwa gonaki, na farkon layi ya sha ya ƙoshi har ya malala a hanya, na ƙarshe yana kallon audugarsa tana yaushi. Ka kuma tambayi ƙauyen da ke nesa da kogi, inda hafir, tafkin da ake haƙawa don tara ruwan sama, ke ƙafewa tun kafin bazara, a koma sayen ganga a amalanken jaki. Yawancin ƙarancin da muke gani na rabo ne da na kulawa.

Ruwan rijiya ma yana ƙarewa? Ai daga ƙasa yake ɓuɓɓugowa.

Rijiyar da ke kusa da kogi ko kwari tana samun ƙari duk damina, wannan mai sabuntuwa ce muddin ba a zuƙe ta fiye da ƙarinta ba. Amma akwai ruwan da ke kwance can ƙarƙashin hamadar arewa, a cikin duwatsun yashi na Nuba, wanda Sudan da Masar da Libiya da Chadi suka yi tarayya a kai. Ruwan sama ne da ya sauka dubban shekaru da suka wuce, lokacin da Sahara ke da ciyawa da tafkuna. Yau kusan ba abin da ke ƙaruwa a kansa.

'Yan'uwanmu mazauna Saudiyya sun ga yadda irin wannan ke ƙarewa. A shekarun 1980 ƙasar ta haƙa rijiyoyi masu zurfi ta noma alkama a tsakiyar hamada, har ta ciyar da kanta ta fitar waje. Wanda ya ratsa ta sama a jirgi ya ga gonakin, zagaye-zagaye kore kamar faifai. Ruwan ya yi ta nutsewa, har a 2008 gwamnati ta yanke shawarar janye hannu daga sayen alkamar gida sannu a hankali zuwa 2016. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ina faɗin haka ne musamman ga masu famfon sola. Alheri ne babba, amma da yake ba a sayen man inji, sai a bar shi yana zuba tun hantsi har rana ta faɗi.

Babbar madatsar Habasha alheri ce gare mu ko sharri?

Ta kawo duka biyu, kuma ba mutum ɗaya ke samunsu ba. An fara gina ta a 2011 dab da iyakarmu, aka fara tara ruwa a 2020, aka buɗe ta a Satumban 2025. Tafkinta na ɗaukar kubik mita biliyan 74, fiye da abin da Shuɗin Nilu ke kawowa a shekara guda.

Mai noman famfo zai ji daɗi, don kogin ba zai janye da rani kamar da ba. Lakar da ke cike Rusairis da magudanan Jazira za ta ragu. Sai dai wannan lakar ita ce takin da kogi ke shimfiɗa wa masu noman jarf kyauta duk shekara, inda iyayenmu ke shuka kuɓewa da kabewa da tumatir bayan ruwa ya janye. Ita ce kuma jarin masu kamina, masu gasa jan bulo a bakin kogi. In ambaliyar shekara ta daina hawa gaɓa, waɗannan su ne za su fara ji a jikinsu. Ga kuma buƙatar masu kula da Rusairis su riƙa sanin yawan ruwan da za a sako da lokacinsa, don sakin ba-zata barazana ce ga duk wanda ke ƙasa.

Malam, gonata a da buhu goma take ba ni, yanzu da ƙyar huɗu. Ƙuduji ya cinye ta. Me ya jawo?

Baffa, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙuduji, wanda ake kira buda a nan, ya fi ƙarfi a ƙasar da ta gaji. Kowace dawa da kuka girbe ta tafi da wani abu daga ƙasar, naitrojin da sauransu. In an kwashe kara an sayar ko an ƙone, ba a zuba taki ba, aka sake shuka dawa a kan dawa shekara goma, to an ci uwar kuɗi. Haka ta faru da filaye da yawa a Gadarif, inda aka fara noman tarakta tun shekarun 1940: a share daji ƙaf, a noma dawa har ƙasa ta sare, a matsa gaba. Dokar gandun daji ta ce a bar kashi 10 cikin 100 na irin waɗannan manyan gonakin damina ga itatuwa, kashi 5 a na ban-ruwa. Da ana bin ta sosai, da iska ba ta kwashe ƙasa haka ba.

Ƙuduji guda yana zubar da dubban iri ƙanana kamar ƙura, kuma irin na iya kwanciya a ƙasa sama da shekara goma yana jiran saiwar dawa. Don haka ku tuge shi kafin furensa ya ƙulla iri, ku fitar da shi daga gonar. Ku juya shuka: bana gyaɗa ko wake, waɗanda ke ƙara wa ƙasa naitrojin, baɗi ridi, sannan dawa. Ku kira makiyayi ya kwana da shanunsa a gonar bayan girbi, kamar yadda ake yi a da. Ba za ta dawo buhu goma a damina guda ba, amma a ta uku za ku ga bambanci, in Allah ya yarda.

Da gaske hamada tafiya take yi tana nufo mu?

Wani rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2007 ya ƙiyasta cewa iyakar hamada a Sudan ta matso kudu da kilomita 50 zuwa 200 tun daga shekarun 1930. Amma kada a ɗauka wani bangon yashi ne ke tahowa. Abin ya fi kama da makero a kan yaro: tabo nan, tabo can, a kewayen rijiyar da dabbobi suka tattake, a gefen garin da aka sare itatuwansa, har tabban su haɗe. Farin 1984 zuwa 1985, wanda ya tagayyara Darfur da Kurdufan, ya tsananta abin. Da ruwa ya ɗan dawo a shekarun baya, hotunan tauraron ɗan Adam sun nuna wasu wuraren sun sake yin kore. Ƙasa tana farfaɗowa in an ɗaga mata ƙafa.

Ɗana, kuna ta cewa kar a sare itace. Gas ya yi tsada, wani lokaci babu shi. Da me zan dafa wa jikokina?

Inna, ba wanda ke da bakin ce muku ku bar yara da yunwa. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 tukunyar gas ta gagari mutane da yawa, gidajen da suka manta da gawayi suka koma masa, waɗanda suka rasa sana'a suka shiga daji da gatari. Na ga wuraren da nake kai ɗalibai kallon bagaruwa da dushe sun zama kututture zalla. Laifin ba na mai dafa tuwo ba ne.

Abin da ke hannunmu shi ne rage asara. Murhun duwatsu uku a fili yana zubar da mafi yawan zafinsa a iska, kaɗan ke shiga tukunya. Murhun laka da aka gina ya rungume gindin tukunya, da ƙofa guda ta sa itace, yana rage cin itace sosai. Matan sansanonin Darfur sun daɗe suna gina shi da laka da kashin jaki, ba sai an saya ba. A jiƙa wake tun dare, a rufe tukunya, a bar itace ya bushe, a kare wuta daga iska. Hayaƙin ma zai ragu, wanda shi ke sa muku tari da ciwon ido, ya kama ƙirjin jaririn da ke goye.

Gawayi kuma a san tsadarsa ta gaskiya: a ramin gargajiya ana ƙona kilo biyar zuwa goma na itace kafin a samu kilo guda. Masu agashe, sana'ar da aka san mu da ita daga Khartum har Bur Sudan, ku ma abin ya shafe ku, ku kashe garwashin da ya rage da yashi ku adana na gobe. Mai shiga daji kuma ya sassare reshe ya bar gindi. Itacen da aka yi wa aski yana sake tofo.

Itacen miskit ai kore ne kuma ba ya jin fari. Me ya sa ake yaƙarsa?

An shigo da shi Sudan a 1917 daga asalinsa na nahiyar Amurka, aka yi ta dasa shi don tare yashi. Ya tare ɗin. Amma ya zo ƙasar da babu ƙwarin da ke cinsa, awaki suka ci 'ya'yansa suka watsa irin ko'ina, ya mamaye gonakin Gash da Tokar da Sabuwar Halfa, ya toshe magudana, saiwarsa tana zuƙe ruwan ƙasa. A 1995 gwamnati ta ba da umarnin kawar da shi. In za a yi gawayi, a fara da shi, a tono har gindi, a ƙyale gawo da aduwa.

Ina so in tafi haƙar zinariya kamar abokaina. Me ke cikin zaibar nan da ake tsoratar da mu?

Ban hana ka neman halalinka ba, amma ka tafi da sani. Ana niƙa dutse, a zuba zaiba ta kama zinariyar, sannan a ƙona dunƙulen a wuta. Zaibar ta tashi ta zama tururi marar launi marar wari, ka shaƙa. Tana taruwa a ƙwaƙwalwa da ƙoda. Alamunta rawar hannu, mantuwa, saurin fushi, ciwon dasashi, kuma tana cutar da ɗan da ke ciki. Wadda ta zube a ƙasa, ruwan damina ya kai ta kwari ko kogi, ƙwayoyin halitta su juya ta zuwa nau'in da ya fi dafi, ta hau sarƙar abincin da muka yi magana, ta taru a babban kifi. Haka ta faru a garin Minamata na Japan, inda aka gano cutar a 1956 a jikin iyalan masunta, bayan wata masana'anta ta daɗe tana zubar da dagwalonta a teku. Da sunan garin aka kira yarjejeniyar duniya ta 2013 kan rage zaiba.

Ragowar ƙasar da aka wanke, wadda ake kira karta, ana sake tace ta da sayanaid, gubar da ke kashe dabba nan take in ta sha daga kududdufinta. In ka je, kada ka ƙona dunƙule a ɗaki ko kusa da abinci. Ka nemi rufaffiyar tukunyar ƙonawa mai bututu, wadda ke kama tururin ya koma zaiba, ka ga ka tsira da lafiyarka da kuɗin sayen wata. Kayan aikinka kuma kada su shiga wankin gida.

Jarkar maganin feshi, in an wanke ta da omo sosai, ba za a iya zuba ruwan sha ba?

Ba za a iya ba, ko sau nawa aka wanke. Robar tana tsotse maganin, ta riƙa sakinsa a hankali.

Wata shekara lokacin tsintar auduga na kai ziyara wani kambo, zangon ma'aikatan gona, inda dangin mahaifiyata ke aiki. Na tarar da yara uku kwance a tabarma ɗaya, suna amai, yawu na dalala, ƙwayar idonsu ta tsuke kamar kan allura. Ana ta cewa iska ce. Na nemi ruwa in wanke hannu, aka miƙo mini wata shuɗiyar jarka, na ga ragowar takarda a jikinta da hoton ƙoƙon kai. An saye ta da arha a kasuwa, an wanke, an shekara ana sha. A wannan makon ne aka bar ta a rana. Muka ɗauke su a amalanke zuwa asibiti, Allah ya sa suka tashi. Tun ranar, duk jarkar magani da ta ƙare a hannuna sai na ɗauraye ta sau uku na juye a tankin feshi, na huda gindinta da wuƙa.

Mene ne bambancin yanayin yau da sauyin yanayi? Ambaliyar da muke gani shi ne?

Zafin yau ko ruwan jiya yanayin rana ne. In aka tara na shekara talatin aka ga inda ya karkata, shi ne yanayin wuri, kuma shi ne ke sauyawa. Kafin zamanin masana'antu iskar kabon kashi 280 ce cikin miliyan, yanzu ta haura 420, saboda ƙona kwal da fetur da gas da sare dazuka. Tana riƙe zafi kamar bargo, duniya ta ƙara ɗumi da sama da digiri 1. Duk Afirka ba ta fitar da ko kashi 5 cikin 100 na wannan hayaƙi, amma muna cikin waɗanda suka fi shan wuyarsa.

Iska mai ɗumi ta fi ɗaukar tururi, don haka ruwa kan zo da ƙarfi a lokaci guda, sannan ya ɗauke ya daɗe. Sai dai ba kowace ambaliya za a ɗora wa sauyin yanayi ita kaɗai ba. Khartum ta nutse a 1988, ta sake a 2020 lokacin da kogi ya kai matsayin da ba a taɓa aunawa ba, madatsar Arba'at kusa da Bur Sudan ta fashe a Agustan 2024. A irin waɗannan, ruwan sama rabin labari ne. Sauran rabin gini a hanyar ruwa ne, da kwatar da leda ta toshe, da gyaran da ba a yi ba.

Me ya haɗa tsargiya da muhalli?

Ƙwayar cutar tana rayuwa ne tsakanin mutum da wata 'yar katantanwa da ke son ruwa mai tafiya a hankali da ciyawa, irin na tur'a. Mai cutar ya yi fitsari ko bayan gida a ruwa, ƙwai ya ƙyanƙyashe ya shiga katantanwa, ya fito ya huda fatar yaron da ke wanka. Ban-ruwa ya kawo abinci, ya kuma yi wa katantanwar gida. Magani yana nan kuma yana aiki, amma in ba masai da share ciyawar magudana, yaron zai sake ɗauka.

Ai arziki na Allah ne, ba ya ƙarewa. Wannan lissafin naku ba rashin tawakkali ba ne?

Taskar Allah ba ta ƙarewa, haka ne. Amma abin da ya damƙa a hannunmu da ma'auni ya saukar da shi, ya kuma hana almubazzaranci da ɓarna a bayan ƙasa. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sanar da mu cewa Musulmin da ya dasa itace ko ya yi shuka, mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci, sadaka ce gare shi. Ya keɓe makiyayar Naƙi'u kusa da Madina, Sayyidina Umar ya keɓe ta Rabaza, don kada a cinye ciyawa a bar dabbobin jama'a da yunwa. Annabi Yusuf, alaihis salam, da lissafi ya tanadi hatsin shekara bakwai na yalwa a ƙasar da wannan kogin namu ke shayarwa. Manomin da ya ware iri kafin ya ci sabon hatsi ba wanda ke ce masa ya rasa tawakkali.

Na sha dasa itatuwa suna mutuwa. Ba ni da kuɗin ban-ruwa da shinge. Akwai wata hanya?

Akwai, kuma daga 'yan'uwanmu Hausawan Maraɗi da Damagaram ta yi suna. Tun shekarun 1980 manoman can suka koma rainon kututturen da ke gonakinsu maimakon sayen dashe, har aka ƙiyasta filin da ya farfaɗo a Nijar da kusan hekta miliyan 5. Dalilin nasarar a ƙarƙashin ƙasa yake: ɗan dashe sai ya yi saiwa daga farko, shi kuwa kututture tsohuwar saiwarsa tana nan da rai, ta riga ta kai ga damshi.

Lokacin sharar gona, ka bi a hankali ka duba ƙananan tsiron da ka saba sassabewa kana ƙonawa. Ka zaɓi irin da kake so, gawo, aduwa, magarya, dakwara, kalgo. A kowane gindi ka bar rassa biyu zuwa biyar mafi ƙarfi da miƙewa, ka yanke sauran da wuƙa mai kaifi, kana yankawa daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya yage. Waɗanda ka bari ka rage musu ƙananan rassa har zuwa rabin tsayinsu. Abin da ka yanke, mai ƙaya ka kewaye gindin da shi saboda awaki, sauran ka kai gida a hura wuta. Ka ɗaura ɗan tsumma a jiki don mai wucewa ya san da mai shi, ka kuma yi magana da maƙwabtan gona da makiyayan da ke bi ta wurin, don ba ya yiwuwa kai kaɗai. Bayan wata huɗu zuwa shida ka koma ka sake gyarawa. A fadan guda ka fara da gindi goma, ka bar tazarar da garma ko tarakta za ta wuce.